Ranar da Tamimu Ya Riƙe Surukinsa

Tamimu direba ne a Riyad, mutumin Gumel, ƙaton gaske, irin wanda in ya zauna a mota sai ta ɗan karkata gefensa. Wata makarantar 'ya'yan baƙi ce ta ɗauke shi aiki, ita ke riƙe da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, kuma aikin nasa ɗaya ne: ya ɗauko wani tsohon Ba'amurke daga gidansa a unguwar Nasiriyya ya kai shi makaranta, in an tashi ya mayar da shi. Sunan tsohon Rudi Holkom, amma babu mai kiransa haka. Koci ake ce masa. Shi kansa in ya bugo waya cewa yake, "Koci ne."

Abin da ya dami Tamimu a wannan sanyin ba aiki ba ne, matarsa ce. Fatsuma ta yi yaji. Ranar sunan ɗan yayarta ya ce mata ta shirya zai zo ya kai ta. Ta shirya, ta sa abaya ta zauna, shi kuwa Koci ya tsare shi a filin makaranta yana ta ɗauko wannan ajiye wancan. Da ta gaji da jira ta kama hannun 'yarsu Khairat suka hau tasi zuwa unguwar Suwaidi, gidan ubanta. Aka yi suna aka watse, ita ba ta dawo ba.

Ya je biko. Ya sake zuwa. Duk zuwan da ya yi, surukinsa Alhaji Harouna a ƙofar bene yake tarar sa, ba ya cewa hau. Tamimu ya cire takalmi ya durƙusa a kan siminti, ido a ƙasa, ya yi gaisuwa ya ba da haƙuri. Tsohon ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Na jiya. Tahi, za ka ji." Kuma har yau bai ji komai ba.

Shi Alhaji Harouna mutumin Maraɗi ne, ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa, an ce har makaɗinsa gare shi. Yanzu shi ne babban masu dako a wani sito na darduma da katifu. Gajere ne, wuya kamar turmi. Tun da Tamimu ya auri 'yarsa bai taɓa duban fuskarsa da kyau ba. Abin da ya fi sani a jikin surukinsa yatsun ƙafarsa ne.

Koci kuwa mutum ne mai surutu. Daga Nasiriyya har makaranta tarihin kansa yake bayarwa, Tamimu na tsintar rabi da ɗan Turancin da ya koya a tashar mota a Legas. Abin da ya gane shi ne, akwai wani wasa a Amurka da ake yi da ƙwallo mai siffar gwanda, ba a cika taɓa shi da ƙafa ba, rungume shi ake yi a ruga, ƙarti su bi mutum su danne. Koci ya ce shi bai taɓa wani aiki a duniya ba sai koyar da wannan. Ya fara a wata sakandare a ƙauyensu can Oklahoma, yana mataimaki, shi ne mai wanke rigunan yara, shi ne mai tuƙa bas. Babban kocin ya tsufa aka ba shi wurin. Yaransa suka ci kofi, garin duk ya fito titi, har wani mai gidan abinci ya sa wa gurasa da nama sunansa. Daga nan wata jami'a ta ɗauke shi, ya koma koyar da ƙarti masu gemu, ana nuna shi a talabijin a gefen fili yana jifa da hula. Sai aka yi ta cinye su. Aka kore shi. Ya koma wata ƙaramar jami'a, nan ma aka kore shi. Ya sake komawa sakandare. A tsakanin wata kora da wata matarsa ta tafi.

"Gidan babanta ta tafi?" Tamimu ya tambaya, don abin ya taɓa shi.

"Gidan likitan haƙori ta tafi," in ji Koci.

Tamimu bai ga abin da ya haɗa ciwon haƙori da mutuwar aure ba, amma ya ce Allah ya sawwaƙe.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne korar. "Koci, kai kake gudun?"

"A'a, yara."

"Kai ka yar da ƙwallon?"

"A'a."

"To me ya sa kai aka kora?"

Koci ya yi dariya har ya sarƙe. "Abin da na tambaye su ke nan."

A makarantar Riyad ba a yarda yara su danne juna ba, iyaye ba sa so. Wani ɗan ƙyalle ake rataya wa yaro a ƙugu, in an fizge shi, shi ke nan an kama shi. Koci na koyarwa amma ransa a ɓace, cewa yake wannan rawa ce ba wasa ba. Yana da hular kwano biyu da rigar kafaɗa biyu masu tauri da ya taho da su daga ƙasarsu, suna cikin but ɗin mota, ba su taɓa karo da kowa ba.

Wata rana suna wucewa ta Murabba, bayan gidan tarihi, sai ya hangi wasu mutane na sauke kaya daga tirela. Ɗaya ya goyo firji shi kaɗai yana tafiya yana waya.

"Tsaya! Tsaya!" Koci ya manna fuska a gilas. "Waɗancan mutanenka ne?"

"Hausawa ne."

"Kawo mini irinsu ranar Juma'a. Manya. Zan nemi fili."

Tamimu ba zai ce wa mai gidansa a'a ba. Ya je ya sami abokinsa Buraima, ɗan dako a siton Alhaji Harouna, ya ce ya taro masa ƙarti amma ya yi shiru da bakinsa.

"Wane irin wasa ne?" in ji Buraima.

Tamimu ya yi ta bayani, da gwanda, da gudu, da hular kwano, har shi kansa ya ɓace a ciki.

"Kokawa ke nan," in ji Buraima.

"Ba kokawa ba ce."

"Ana kai mutum ƙasa?"

"Ana kaiwa."

"To kokawa ce mana."

Washegari Buraima ya tsaya a tsakiyar sito ya yi shela cewa wani Bature ya zo da kokawar Amurka, yana neman maza.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka haɗu a wata istiraha a bakin gari, irin gidan shaƙatawar nan mai katanga da filin ciyawa da ake haya. Koci ya sa gajeren wando da usur a wuya, fuskarsa ta yi ja don murna. Mutane suka iso a bayan akori-kura, wasu da jallabiyar masallaci, wasu da silifas. Tamimu na ƙirga kawuna sai aka buɗe ƙofar gaba, ƙafa ta sauko. Bai ɗaga kai ba ya gane yatsun. Nan take ya zare takalmi ya zube a ciyawa.

"Barka da yamma, Baba."

"Lahiya."

"Me ya same ka?" Koci ya rugo. "Ƙafarka ce? Ba mu ma fara ba! Sa takalminka!"

Tamimu ya sa ɗaya ya riƙe ɗaya a hannu, don bai san wanda zai bi ba.

Koci ya kafa wani ɗan allo ya cika shi da da'ira da gicciye da kibiyoyi, yana magana Tamimu na juyawa. Ya ce akwai mai jifa, akwai mai cafewa, akwai masu tarewa, ana ba ku dama huɗu ku ci wani ɗan tazara, in kun ci a sake ba ku huɗu. Wani ya ce ina raga. Aka ce babu raga. Wani ya ce to ina gola zai tsaya. Koci ya ce babu gola. Ya jefa musu ƙwallon, ya daki ƙasa ya yi hagu, aka bi shi hagu ya yi dama, ya shige tsakanin ƙafafun wani ya fice.

"Wannan ƙwallon ya lalace," in ji wani. "A mayar wa mai shago."

Koci ya dafe kai. Ya ce a manta da ƙwallo, a fara daga tushe. Mutum biyu za su fuskanci juna, ɗaya na son ya wuce, ɗaya ya hana shi. Da ƙirji da tafin hannu ake turawa. Ba a kama riga, ba a rungumewa, ba a sa ƙafa.

"Kokawa ba kamu?" in ji Alhaji Harouna, yana kallon Buraima. "To mi ya saura?"

Tunda kayan na mutum biyu ne kawai, bibbiyu za a riƙa shiga. Koci ya bi layi yana matsa kafaɗun mutane kamar mai sayen rago. Ya dafa Tamimu ya jawo shi gaba. Ya ci gaba, ya wuce wannan ya wuce wancan, ya zo gaban Alhaji Harouna ya tsaya. Ya dubi wuyan nan. Ya zagaya ya dube shi ta baya.

"Wannan," in ji shi.

Kowa ya juyo ya dubi Tamimu. Buraima ya ce innalillahi, amma kafaɗunsa na rawa.

Tamimu ya ja Koci gefe. "Koci, wannan ba zai yiwu ba. Baban matata ne."

Fuskar Koci ta washe. "Surukinka? Kai, ka yi sa'a! A ƙasarmu akwai mazan da har su mutu suna mafarkin wannan ranar!" Ya daki bayan Tamimu ya nuna wa Alhaji babban yatsa.

"Mi ya ce?" in ji Alhaji.

"Ya ce yana gaishe ka, Baba."

Tamimu na fatan tsohon zai ce shi ba ya wasa da yara. Ina. Ya riga ya tuɓe jallabiya ya miƙa wa wani, an zura masa rigar kafaɗa, ya danna hular kwano a kan hularsa ta kai don ya ƙi cire ta.

Koci ya nuna yadda ake tsayuwa. A buɗe ƙafa, a sunkuya, a dafa ƙasa da hannu ɗaya. Ya ce wanda ya fi yin ƙasa shi ke cin nasara. Wannan kam Tamimu ya juya daidai, kuma ya yi da-na-sani.

Alhaji Harouna ya sunkuya ya dafa ƙasa a gabansa.

Tamimu ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Suruki, uban matarsa, ya durƙusa masa a gaban jama'a. Bai san lokacin da gwiwoyinsa suka kai ƙasa ba. Alhaji ya ga yaro ya fi shi yin ƙasa, ya ɗauka dabara ce, ya ƙara sunkuyawa. Tamimu ya sa gwiwar hannu. Alhaji ya ƙara, har hular kwano na shafar ciyawa. Tamimu ya kwanta rub da ciki.

"Me kuke yi?" Koci ya yi ihu. "Na ce ƙasa, ban ce ku yi iyo ba!"

Ya zo ya ɗaga Tamimu, ya gyara masa ƙafafu da tasa ƙafar, ya kama ƙarfen gaban hular ya ɗago masa kai. "Dube shi. Cikin ido. Kada ka kau da kai."

Haka aka tilasta wa Tamimu ya ga fuskar surukinsa. Ashe girarsa ta yi fari. Ashe yana da tabo a kan hanci. Idanun ƙanana, ba fushi a ciki, ba kuma rahama.

Usur ya yi ƙara. Tamimu bai motsa ba. Wani abu kamar buhun siminti ya same shi a ƙirji, sai ga shi yana kallon sama, wani jirgi na wucewa.

Yana kwance ya ce alhamdulillahi a ransa. An gama. Suruki ya yi nasara, kowa ya gani, sai a tashi.

Inuwa ta rufe shi. "Mi ne wanga?" in ji Alhaji Harouna. "Katifa aka ba ni in ture? Ka raina ni ne da ba ka taɓa ni ba? Tashi!"

Tamimu ya tashi ya yi kamar igiyar hularsa ta kwance, ya je wurin Buraima.

"Me zan yi?"

"Ko da wasa kada ka kayar da shi," in ji Buraima ƙasa-ƙasa. "In ya taɓa ƙasa, kafin magariba labari ya kai Maraɗi. Fatsuma kuwa sai dai ka ganta a hoto."

"To in sake faɗuwa?"

"A'a! Ɗan kokawa ne fa. Ka faɗi masa da gangan, zaginsa ka yi."

"To me zan yi?"

"Wallahi da ni ne, da ban zo ba."

"Kai ka kawo shi!"

"Ni shela kawai na yi."

Aka sake jerawa. Wannan karon da usur ya yi ƙara Tamimu ya ɗan tura, tura ta ladabi, ya yi nishi don a ji, sannan ya ja da baya ya zauna daɓas. Shi a ganinsa ya raba daidai, rabi ƙarfi rabi biyayya.

Alhaji Harouna ya cire hular kwano ya yar. "Kun gani?" ya ce wa jama'a. "Haka ya yi ma ɗiyata. Ya ce yana tahe, bai zo ba. Ni ma ga shi ya ce yana tahe, ina jira, bai zo ba. Ni ban san mi zan yi da irin wanga mutum ba."

Tun da Fatsuma ta tafi, wannan ne karo na farko da tsohon ya ambaci maganar, kuma a gaban 'yan dako ya ambace ta. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Koci bai ji ko kalma ɗaya ba. Shi abin da ya gani, ƙato na tsoron tsoho. Ya zo ya tsuguna kusa da Tamimu, gwiwoyinsa na ƙara, ya sassauta murya. Ya kawo labarin wani yaro da ya koyar a sakandare, ƙato mai sanyin hali, ɗan manomi, da wata gasa da aka yi a cikin ƙanƙara, da uwar yaron, da wani kare. Tamimu ya ɓace tun a wajen ƙanƙara. Amma ƙarshen ya shiga kunnensa.

"Ban ce ka kayar da shi ba," in ji Koci. "Wa ya ce ka kayar da shi? Aikinka kada ya wuce. Ka tsaya kawai. Yana zuwa da dukkan ƙarfinsa, ya sami mutum a wurin."

Tamimu ya dube shi. Bai tabbata ko Koci ya gane abin da ke faruwa ba, ko kuwa haka yake gaya wa kowa tun daga Oklahoma. Ya tashi.

Aka miƙa wa Alhaji hularsa. Buraima ya jawo wata jarka ya fara kiɗa a kanta, wani ɗan Tawa ya shiga yi wa Alhaji kirarin da ake yi masa a da. Suka sunkuya. Tamimu ya ce a ransa, Allah ka gani, ba ni na tsara wannan ba.

Usur.

Ƙarar haɗuwarsu sai da ta sa tattabarun kan katanga suka tashi. Tamimu ya ji ƙafafunsa na jan ciyawa baya, ya kafe su. Ya tsaya. Tsohon na da ƙarfi, ƙarfin gaske, irin wanda ke fitowa daga ƙugu, yana huci kamar injin ban ruwa. Ya tura, Tamimu na nan. Ya sake turawa, Tamimu na nan. Mutane suka kaure da ihu, Koci na tsalle yana cewa haka ne, haka ne, wannan shi ne wasan.

Sai Tamimu ya ji wani ɗan sauti, ƙas, daga ƙasa. Nauyin da ke ƙirjinsa ya canja. Da turawa ake yi, yanzu rataye ake. Ƙafar Alhaji ta dama ta saki.

Bai yi shawara da kowa ba. Ya zura hannuwa ƙarƙashin hammatar tsohon ya damƙe rigar kafaɗar ta baya.

"Sake ni, ɗan banza!" Alhaji ya daka tsawa, kowa ya ji. Sannan ta tsakanin ƙarafan hula, da wata murya da Tamimu bai taɓa ji ba: "In ka sake ni na hwaɗi."

Usur ya fara tsaga kunne. "Riƙo! Riƙo ne wannan!" Koci na ihu yana jifa da hularsa. "Na ce ba a kamawa! Sake shi!"

"Na ce sake ni!" in ji Alhaji da ƙarfi. A hankali kuma: "Riƙe. Riƙe da kyau."

Mai gidansa na cewa saki, surukinsa na cewa saki, surukin nasa kuma na cewa riƙe, ga Buraima na dukan jarka kamar zai fasa ta. Kan Tamimu ya yi zafi. Ba zai saki ba, ba zai kuma tsaya haka har dare ba. Ya hangi kujerun roba a bakin fili ta gefen ido. Sai ya fara ja da baya, taku bayan taku, yana nishi yana tirjewa kamar wanda aka fi ƙarfi, alhali shi ke ɗauke da mutumin, yatsun ƙafar Alhaji na shafar ciyawa kawai. Tsohon ya gane, ya shiga gurnani yana dukan kafaɗarsa. Haka suka ratsa fili. Da suka kai kujera Tamimu ya juya ya dire shi a kai, shi kuma ya zube a gefe.

"Alhaji ya fitar da shi daga fili!" in ji ɗan Tawa.

"Kai, ɗaga shi aka yi, na ga ƙafarsa a sama," in ji wani.

"A sama? Tsalle yake yi, salon Maraɗi ne."

Gardama ta kaure. Aka zo wurin Koci ya raba. Koci ya ce duk shekarun da ya yi, sakandare da jami'a, bai taɓa ganin abu irin wannan ba, dukansu biyu sun karya doka, kuma bai san sunan dokar da suka karya ta ƙarshe ba. Tamimu ya juya musu da cewa Koci ya ce an yi canjaras.

Alhaji Harouna ya cire hula, gumi na zuba, ya harɗe hannu ya ce wasan banza ne, a kawo masa shayi. Sauran suka shiga bibbiyu suna ta gwara kai, suna kama riga, Koci na busa usur har muryarsa ta dushe. Alhaji bai tashi daga kujerar ba. A tsakiyar haka Koci ya zo wucewa, ya saci kallon gwiwar nan, ya je wajen kular ruwa ya ƙulla ƙanƙara a leda, ya ajiye a gindin kujera, ya koma fili. Alhaji ya jawo jallabiyarsa ya rufe ƙafar, ledar ta shige ƙarƙashi.

Da rana ta yi ja aka ce a tafi. "Ku tahi," in ji Alhaji. "Mijin Fatsuma zai kai ni." Sai da akori-kura ta fita daga ƙofa sannan ya bari suka kama shi, Tamimu a dama Koci a hagu, suka sa shi a bayan mota.

A hanya Koci ya ce a tambaye shi ko zai dawo Juma'a mai zuwa.

"Ce mishi in ya yarda a yi kamu, mu zo," in ji Alhaji.

Koci ya ce ba a kamu. Alhaji ya ce to ba wasa ba ne. Suka yi ta yi, Tamimu a tsakiya yana tuƙi yana rage wa kowace magana kaifi, har aka sauke Koci a Nasiriyya. Daga nan suka nufi Suwaidi. Tamimu na ta juya abin a ransa. Ya taɓa surukinsa, ya dube shi cikin ido, ya rungume shi, an zage shi a gaban mutane. Ya kasa gane ko gyara ya yi ko ya ƙarasa ɓatawa.

A ƙofar bene Alhaji ya buɗe mota ya sa ƙafa ƙasa, ya mayar. Ya daɗe yana kallon matattakala. Gidan ba shi da lif.

"Juya bayanka," in ji shi.

Tamimu ya goya shi. A hawa na biyu suka ci karo da wani maƙwabci Basudane yana saukowa da shara. Alhaji ya yi masa sallama ya tambaye shi iyali, daga can saman bayan Tamimu, kamar yana zaune a falonsa.

Fatsuma ce ta buɗe ƙofa, ludayi a hannu. Ta dubi mijinta, ta ɗaga kai ta dubi ubanta.

"Baba! Me ya same ka?"

"Wasa muka yi."

"Wasa? Da wa?"

"Da mijinki. Sau biyu ina kai shi ƙasa."

Tamimu ya sauke shi a kan katifar falo. Fatsuma ta yaye jallabiyar ta ga gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya. Ta juyo.

"Baban Khairat, kai ka karya Baba?"

"Ni ban... shi ne ya... Koci ne ya ce..."

"Riƙe ni ya yi," in ji Alhaji.

"Ka riƙe Baba?" Ta dafe ƙirji. "Da hannunka?"

Tamimu ya auna maganar. In ya faɗi dalilin riƙon, ya tona tsohon. In bai faɗa ba, ya zama wanda ya kama surukinsa da kokawa. Ya dubi Alhaji ko zai cece shi. Alhaji na gyara matashi.

"Ɗauko kayanki," in ji tsohon, bai dubi kowa ba. "Ki bi shi."

"In bi shi? In bar ka da wannan ƙafar, Inna na Maraɗi? Wa zai gasa maka? Ba inda za ni sai ka taka da kanka."

"Na ce ki tahi."

"Na ji, Baba. Sai ka taka."

Ta shige kicin. Tamimu na tsaye a tsakiyar falo, an ba shi mata kuma ba a ba shi ba. Ya fara ja da baya wajen ƙofa, sai ga ta da tire, shinkafa da kaza, ta dire a gabansu, cokali biyu.

"Zamna ka ci," in ji Alhaji.

Tamimu bai taɓa kai loma baki a gaban surukinsa ba. "Na ƙoshi, Baba."

Cikinsa ya yi wata ƙara da har Khairat ta leƙo daga ɗaki.

Alhaji Harouna ya ja tsaki. Ya ɗebi nasa a faranti, ya dafa ƙasa, ya ja jikinsa da ƙyar yana cije leɓe har ya juya fuskarsa bango. Tamimu ya durƙusa a gefen tire ya ɗauki cokali.

"Baban Khairat," Fatsuma ta kira daga kicin. "Tukunyar da na bari a kan gas, ka wanke ta?"

Ya haɗiye lomar bakinsa. "A'a."

"To ka wanke ta kafin in zo."